Yadda zaka gane buɗin wasan ces ka riƙe tsakiyar allo ba tare da hadda ba

Tunda salula ta wadata kuma forfe ya ɗan yi sauƙi, samarin Maradi da yawa sun shiga buga ces a Lichess da Chess.com, wasu ma sun sayo allo suna ajewa a fada gefen butar shayi. To amma in ka tsaya kana kallo, daga fadojin Ali Ɗan Sofo har na Zariya har ɗakunan ɗalibban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ciwo guda ne ke damun kusan kowa: mutun ya san tahiyar kowane kaya, ya san eshek, wato kai ma sarki hari, ya san mat, wato harin da sarki ba ya da mahita, amma taku goma na farko kawai turawa shike, ko kuma ya hardace wani jeri da ya gani a bidiyo, da zaran abokin wasa ya kauce da taku guda shikenan ya ɓace.

Abinda nike so in nuna ma shine buɗi ba karatun hadda bane, rigima ce kan gidaje huɗu. In ka gane rigimar ko an kauce ma zaka san abin yi.

Ka ɗauko allo ko ka buɗe na cikin salula, don wagga magana ba ta shiga kai da karatu kaɗai sai kana turawa da hannunka. Kuma don Allah ka aje shi daidai, gidan ƙurya na hannun damanka fari ne, sarauniya kuma ta zauna kan launinta, farar a d1 baƙar a d8. Sau da yawa ana buga parti gaba ɗaya da allo a juye ba wanda ya lura.

Da farko ka san filin da ake faɗa a kai

Allon gida 64 ne, layukan tsaye daga a zuwa h, na kwance daga 1 zuwa 8. Gidaje huɗun da ke cibiya sune d4, e4, d5, e5. Ka ɗora yatsa kansu. Waɗanda ke zagaye da su, irin c4, f4, c5, f5, d3, e3, d6, e6, suma da daraja amma ba kamar huɗun nan ba.

Mi yasa? Lissahi ne kawai ba tsafi ba. Ka kwashe komai ka aje doki a e4 ka ƙirga inda zai iya dira: gida 8. Kai shi gefe a h3, sun koma 4. Kai shi ƙurya h1, biyu tak. Doki guda ne hwa, wuri kawai ya canza. Fu, wato mai tahiya a karkace, in shina cibiya gida 13 shike gani, a ƙurya 7. Sarauniya 27 a cibiya, 21 a ƙurya. Hasumiya ce kaɗai ba ruwanta, ko ina take 14 ne in hanya na buɗe, shi yasa ba a gaggawar fiddo ta. Sannan kayan da ke tsakiya in rikici ya tashi ɓangaren sarki taku ɗaya ko biyu ya isa, in ya tashi ɓangaren sarauniya ma haka, shi kuwa wanda ke maƙale a gefe kamin ya ƙetaro an gama.

Wanda ya iya dara ya riga ya san rabin zancen. A dara kamin a fara ja, kowa sai ya shuka ƴaƴanshi 12 cikin gurabe 30, kuma tsohon ɗan dara zai gaya ma tun wurin shukar ake cin mutun, jan da ke biyo baya cika aiki ne. Buɗin ces shine shukar. Bambancin kawai nan ana iya cinka tun kana shuka.

Sai ka ɗauki buɗi guda ka bi shi taku taku

Ni shawarata ga mai koyo shine buɗin Italiya. Tsoho ne ƙwarai, wani ɗan Italiya Gioachino Greco ya rubuta wasanni a kanshi wajen shekarun 1620, kuma har yau manya irin su Magnus Carlsen na buga shi a manyan gasa. Na zaɓe shi don kowane taku dalilinshi a fili yake, babu ɓoye ɓoye.

Fari ya tura soja e4. Abu uku ya faru lokaci guda: soja ya zauna cibiya, shina tsaron d5 da f5 (ka tuna soja gaba shike tahiya amma a karkace shike ci), kuma ya buɗe ma fu na f1 da sarauniya hanya. Baƙi ya amsa da e5, dalili guda, kuma yanzu shina tsaron d4, wato shina cewa fari ba zaka aza soja na biyu a cibiya a banza ba. Ka riƙe wanga gida d4, duk labarin da zai biyo baya a kanshi ne.

Taku na biyu, doki f3. Ya fito, ya kai ma sojan e5 hari, shina kallon d4. Wanga shine irin takun da ake so, wanda ya fiddo kaya kuma ya tilasta ma abokin wasa ya amsa. Baƙi sai ya kare e5, kuma yadda ya kare shike nuna ko ya gane wasa. Doki c6 shine mai kyau don ya kare, ya fito, shima shina kallon d4. Akwai masu karewa da soja f6, kar ka kuskura. Fari zai ci e5 da doki, in ka ci dokin da sojan f sai sarauniya ta diro h5 da eshek, ka tare da g6 ta ci e5 da wani eshek ɗin ta wuce ta ɗauke hasumiyar h8. Sojan f bangon sarki ne, ba a taɓa shi da wuri sai da babban dalili.

Taku na uku, fu c4. Shina kallon d5, shina hangen f7, gidan da sarki kaɗai ke tsaro a farkon wasa. Baƙi ya yi irin nashi, fu c5, shina kallon d4 da f2.

Yanzu tsaya, kar ka tura komai, mu yi ƙirga. Wagga ƙirgar ita ce abinda na fi so ka ɗauka daga duk rubutun. Fari na son tura d4. In ya tura, su wa zasu kai ma sojan hari? Sojan e5, dokin c6, fu na c5, uku kenan. Su wa ke kare shi? Dokin f3 da sarauniya a bayanshi, biyu. Uku ya fi biyu, soja zai tahi a banza. Ƙa'idar ita ce mai ci sai ya fi mai karewa yawa kamin ya ci riba, in sun yi daidai mai karewa ne da nasara, sai dai ka lura da darajar kayan, ba zaka ba da sarauniya don soja ba ko da ƙirga ta nuna ka fi yawa. Darajar da aka saba: soja 1, doki 3, fu 3, hasumiya 5, sarauniya 9.

To fari na da biyu shina buƙatar uku. Shi yasa taku na huɗu shine c3, ɗan ƙaramin taku da mai kallo zai ce mi wanga ke nufi. Nufinshi in an ci d4 da soja, ni ma in rama da soja, in wayi gari da sojoji biyu jere a e4 da d4 kai kuma ba ka da ko ɗaya a cibiya. Amma komai da farashinshi, c3 gidan doki ne, soja ya zaune shi, don haka sojan e4 ya rasa mai kare shi. Baƙi mai ido sai ya buga doki f6 nan take ya kai ma e4 hari. Ka ga ba hadda bace, kowane taku amsar na gabanshi ne.

Fari d4, baƙi ya ci da sojan e, fari ya rama da sojan c. Ga sojoji biyu a cibiya, kuma na d4 na taɓa fu na c5. A nan hanya ta rabu biyu, kuma ina so ka buga duka biyun a allonka don a nan ne zaka ga mi ake nufi da riƙe tsakiya.

Hanya ta farko, baƙi ya ja fu baya zuwa b6, taku mai kama da hankali. Sai fari ya tura d5, dokin c6 dole ya gudu, ya koma e7. Fari ya tura e5, dokin f6 shima dole ya tashi, ya faɗa e4. Fari ya ƙara d6. Dubi allon. Taku uku fari na tura soja kawai, kowane turi da kora, baƙi bai samu sukunin fiddo ko kaya guda ba, sojan d7 ya toshe, fu na c8 na kulle, sarki na tsaye tsakar gida. In baƙi ya yi kwaɗayi, bayan an yi musanyar soja a d6 ya ci f2 da doki don ya kama sarauniya da hasumiya lokaci guda, fari ko a jikinshi, sarauniya b3, ka ci hasumiyar h1 ɗin, sai fu ya ci f7 da eshek, sarki ya matsa f8, ɗaya fu ɗin ya fito g5, dokin e7 a ɗaure gaban sarauniya ga soja na shirin cinshi da eshek. Wasa ya ƙare. Amfanin sojoji biyu a cibiya ba zaman ado bane, shine ranar da suka tashi tahiya babu mai tsayawa gabansu.

Hanya ta biyu, wadda masu wasa suka sani. Maimakon ja baya, baƙi ya ba da eshek da fu a b4. Wanga eshek ba na burga bane, lokaci shike saye. Fari ya tare da fu d2, baƙi ya ci, fari ya rama da dokin b1 wanda yanzu daga d2 shina kare e4. Sai baƙi ya buga takun da duk buɗin ke jira: soja d5. Ya daki e4, ya daki fu na c4, lokaci guda. Fari ya ci, doki ya rama ya zauna d5 daram. Ina sojoji biyun? Saura guda a d4, shi kaɗai, babu soja a layin c ko layin e da zai kare shi, kuma doki ya zauna gabanshi ba zai iya motsi ba. Fari na da sarari da kaya a waje, baƙi na da abin hari har ƙarshen wasa, an yi kunnen doki.

Bambancin hanyoyin nan biyu taku ɗaya ne kacal. In kai ne baƙi a duk wasan da ya fara da e4 e5, ka riƙa tambayar kanka yaushe zan iya tura d5 ba tare da asara ba, ranar da ka samu ka tura.

In ba ka son zafi da wuri

Akwai salo mai sanyi wanda shine ma aka fi bugawa yanzu a sama. A taku na biyar maimakon d4 sai ka buga d3, ka kare e4 tukuna. Ka yi rok, wato sarki ya koma g1 hasumiya f1, ka kai hasumiya e1, dokin b1 ya bi ta d2 ya wuce f1 ya fito g3, ka sa h3 don kar fu ya zo g4 ya ɗaure ma doki, ka ja fu naka b3 tun da wuri, in an kawo mishi hari da doki a5 sai ya koma c2. Duk wanga shiri d4 ɗin nan dai ake nufi, an ɗage shi ne sai kaya sun taru a baya. Ni na fi ba mai koyo shawarar ya fara da mai zafin wata biyu ko uku don ya ga yadda cibiya ke ci da yadda ake rusa ta, daga baya ya koma mai sanyin. Wanda ya fara da mai sanyi sau da yawa jera kaya kawai shike ya manta dalilin jerawar.

Tarkunan da zaka haɗu da su tun makon farko

Na ɗaya kowa ya sha shi. Fari e4, sarauniya h5 a taku na biyu, fu c4, sai mat a f7. A fada akwai masu rayuwa da wanga kaɗai, suna cin sababbi suna dariya. Maganin: bayan sarauniya h5 ka lura e5 take hari tukuna, ka kare da doki c6. Ya fito da fu c4, yanzu f7 ake nufi, ka tura g6. Ta koma f3 tana nufin f7 kuma, ka fito da doki f6 ka rufe. Ƙirga yanzu: kai ka fiddo doki biyu, shi sarauniyarshi ta yi yawo ta zauna gidan dokinshi. Nan gaba dokinka zai faɗa d4 ya sake korarta. Abin lura shine kar ka buga doki f6 tun tana h5 da fu a c4, wannan shine mat ɗin.

Na biyu ya fi wayo. In a taku na uku baƙi ya fito da doki f6 maimakon fu c5, fari na iya tsalle doki g5, kaya biyu kan f7. Amsa ɗaya ce mai kyau, kuma ka ga ikon Allah, d5 ce dai, a cibiya. Fari ya ci da soja. Nan ne mutane ke faɗawa, su rama da doki, sai fari ya ba da dokinshi a f7, sarki ya ci, sarauniya f3 eshek tana kuma harin dokin d5, sarki ya fito e6 tsakiyar fili shina kare doki, daga nan sai wahala. Abinda ake yi shine kar ka rama, ka kai doki a5 ka kori fu ɗin, ka haƙura da soja guda, zaka samu kayanka duk a waje nashi suna ja da baya. In kuma ba ka son wagga rigimar gaba ɗaya, ka buga fu c5 a taku na uku, don a lokacin in doki ya zo g5 sarauniyarka daga d8 zata ɗauke shi kyauta.

Wani abu kuma da nike gani kullum: baƙi ya yi rok, fari ya ci f7 da doki, hasumiya ta ci, fu ya ci hasumiya, sarki ya ci fu. Fari na murna wai shida da shida ne. A takarda haka ne, a allo kuwa ka ba da kaya biyun da ka wahala ka fiddo, ka amshi hasumiyar da ba ta fara aiki ba da soja guda. Sauran kayanka na gida, nashi na waje. Kar ka yi.

Maganar lokaci

Cibiya da lokaci tare suke tahiya. Kowane taku a buɗi kuɗɗi ne, kana da kamar goma da zaka kashe: biyu ko uku na sojojin tsakiya, huɗu na dawaki da fu, ɗaya na rok, ɗaya na ɗaga sarauniya kaɗan don hasumiyoyi su ga juna. In ka motsa kaya guda sau uku ka ci kuɗɗin wani. In ka tura a3 da h3 da a4 ba dalili, haka. Doki kamin fu galibi, don doki an san gidanshi, f3 da c3, shi kuwa fu sai ka ga yadda abokin wasa ya jera.

Wasan da ya fi nuna wanga shine na Paul Morphy, ɗan New Orleans ta Amurka, wanda ya buga a gidan opera na Paris a 1858 shina da shekara 21, shi kaɗai da wasu masu sarauta biyu da suka haɗa kai, Duke na Brunswick da Count Isouard. Taku 17 aka yi. Morphy ya fara e4, doki f3, d4, kusan kowane taku nashi sabon kaya ne ke fitowa da barazana, su kuma suna ta tarewa. Ya ba da doki, ya ba da hasumiya, a ƙarshe ya ba da sarauniya a b8, ya yi mat da hasumiya a d8 da taimakon fu na g5, manyan kaya biyun da suka rage mishi kenan. Ka nemo wasan ka duba hoton ƙarshe: fu na f8 da hasumiyar h8 na baƙi ko motsi basu yi ba, sarki na e8 inda aka aje shi. Suna da kaya fiye da nashi nesa ba kusa ba, amma a ɗaki suke. Wanga wasa guda in ka buga shi a allo har ka iya faɗin dalilin kowane taku, ya fi ma bidiyo hamsin.

To in bai amsa da e5 ba hwa?

Nan ne masu hadda ke rikicewa, kai kuwa tambaya guda zaka yi: ya hana ni d4? In ya buga e6 ko c6 ko d6 ko g6, bai hana ba, ka tura d4 kawai ka zauna da biyu. In ya buga d5 kai tsaye, ka ci, ya rama da sarauniya, ka fito da doki c3 ka kore ta, ka samu taku kyauta. In ya buga c5, wato Sisiliyan, ya hana da sojan gefe, shina so in ka tura d4 ya ba da sojan c ya amshi naka na tsakiya. Sisiliyan teku ce, littattafai cike, amma kai da ka koyi Italiya kana da hanya mai sauƙi, ka buga c3 a taku na biyu, dabarar nan dai ta in an ci in rama da soja.

Na e6 ɗin shi ake kira buɗin Faransa, sunan ya samo asali daga wasan da aka buga ta wasiƙa tsakanin Landan da Paris a 1834. Bari in ɗan tsaya kanshi don shina koyar da wani nau'in cibiya, rufaffiya. Bayan e4 e6, d4 d5, in ka tura e5 sojoji sun cije, babu mai cin wani. Naka sun yi sarƙa, e5 na jingine da d4. Baƙi ba zai daki kan sarƙar ba, gindinta zai nema: c5, doki c6, sarauniya b6, duka kan d4. Kai kuma c3, doki f3, kana ƙara masu karewa. Ƙirgar nan ce ta ɗazu ta dawo, ukunshi da ukunka, duk wanda ya yi sakaci da ɗaya ya rasa. Kuma a rufaffiyar cibiya doki ya fi fu daɗi don shina tsallake, kuma ba a cika gaggawar rok ba kamar in an buɗe.

In kai ne baƙi kuma aka fara ma da d4, ka amsa d5. Zai tura c4 kamar kyauta, gambit ɗin sarauniya kenan. Ba kyauta bace, so shike ya janye sojanka daga cibiya don ya tura e4. Mafi sauƙi ka kare da e6 ko c6 ka riƙe wurinka. In ka ci ma ba laifi, laifin shine ka nace sai ka riƙe sojan. Duba: ka ci c4, ya buga e3, ka kare da b5, ya buga a4, ka ƙara c6, ya ci b5 ka rama da sojan c, sai sarauniya f3 tana kallon hasumiyar a8 ta layin da ka buɗe da hannunka, dole ka rasa babban kaya. Taku shida.

Wani zai ce ai ya ga manya suna barin cibiya su fito da fu ta g7 ko g2. Gaskiya ne. A shekarun 1920 su Richard Réti da Aron Nimzowitsch suka zo da ra'ayin cewa ba dole ka zauna cibiya da soja ba, kana iya barin abokin wasa ya cika ta, kai ka auna ta daga nesa sannan ka rusa. Réti ma da irin wanga salo ya doke José Raúl Capablanca a New York a 1924, bayan Capablanca ya shekara 8 ba a ci shi ba a gasa. Amma ka lura basu ce cibiya ba ta da amfani ba, hanyar kama ta suka canza, kuma duk mai buga haka akwai takun c5 ko e5 ko d5 da shike ɓoye a aljihu, in bai buga shi kan lokaci ba abinda ya samu mai fu b6 ɗazu shi zai same shi. Ƙanena, bar wanga sai ka ƙoshi da na farko. In dai an buga ma shi, ka amshi cibiyar da soja biyu, kar ka yi haɗama ka tura huɗu, ka fiddo kaya a bayansu ka yi rok.

Haka in mutun ya taso ma da sojojin gefe tun da wuri, g5, h5, shina ta turowa wajen sarkinka alhali bai fiddo kaya ba, kar ka tsorata ka tsaya tarewa a gefen. Ka buɗe tsakiya da d4, a yi musanyar sojoji, layuka su buɗe, sarkinshi da ke e8 ne zai fara jin iska.

Yadda zaka yi atisaye

Ka bar wasan minti ɗaya da na minti uku tukuna, na san da daɗi musamman in ana jiran shayi na biyu, amma hannu kawai suke koyarwa. Ka buga na minti 10 ko 15. Lichess kyauta ne gaba ɗaya kuma ba ya cin mega sosai, in an gama parti shina ba ka damar bincike da Stockfish, injin da ke nuna taku mafi kyau. Amma kamin ka kunna injin ka koma taku goma na farko da kanka, ka sayi kaye na musamman ka rubuta abu uku: taku na nawa na yi rok, kaya nawa ne basu fito ba a taku na 10, kuma wa ya fara tura soja na biyu cibiya. Bayan wasa ashirin ka duba kayen, zaka ga ciwonka guda ne ke maimaituwa, wani sarauniya ce ke fita da wuri, wani fu na c1 ne kullum ke kwana gida.

In kuna da allo a fada, ku jera matsayin nan na bayan taku shida na Italiya, inda fari ke da e4 da d4 kuma baƙi ne da wasa, ku buga daga nan, in an gama ku juya allo wanda ya riƙe fari ya koma baƙi. Ku yi haka da matsayin Faransa mai sarƙa shima. Kuma ku sa doka mai kallo ya yi shiru har a gama, in ba haka ba mutun shida ne zasu buga parti ɗin kuma ba wanda zai san takun wa ya ɓata.